Mai ɗaukar hoto a cikin Tenere

Daga Agadas zuwa Bilma akwai tafiyar kilometir wajen 600. Tsakaninsu Tenere ne: rairayi, iska da rana. Idan damina ta wuce, ayarin Abzinawa yana ratsa shi. Raƙuma suna kai hatsi, suna komowa da kantun gishiri da dabino na Fashi da Bilma. Akwai kuma wasu matafiya da ba gishiri ke kai su ba, hoto ke kai su. Suna tafiya cikin mota, da kamara rataye a wuya.

Wasu mutane suna cewa wannan tafiya wasan masu kuɗi ce. Labarin itacen Tenere ya ƙaryata su. Wani itacen ƙaya ne, shi kaɗai tsaye cikin rairayi, bisa hanyar ayari. Da aka gina rijiya kusa da shi, sai aka tarar saiwarsa ta nutsa fiye da metir 30 tana neman ruwa. Masu ayari ba su karya reshensa don dafa shayi, ko da sanyi ya matsa musu. A shekara ta 1973 wani mai kamiyo ya buge shi, ya faɗi. Duk faɗin Tenere, bai sami abin karo ba sai wannan itace ɗaya! An kai gangarsa gidan tarihi na ƙasa a Yamai, an kafa itacen ƙarfe a gurbinsa. Yaron da ke so ya ga yadda yake da ganye, ba shi da inda zai duba sai hoto. Ashe wanda ya tsaya ya ɗauke shi ya yi wa ƙasa aiki.

Amma kamara ba ta ba mai ita izinin yin abin da ya ga dama.

A Dabus, arewa da Agadas, wajen hanyar Arlit, akwai raƙuman dawa biyu da mutanen dā suka sassaƙa bisa dutse. Tsawon babban ya wuce metir 5. An yi su shekaru dubbai da suka wuce, lokacin da ciyawa da ruwa suke wurin. Wani masani, Christian Dupuy, ya bayyana su ga duniya a 1987. Da labari ya bazu, baƙi suka yawaita. Wasu suka taka zanen da takalmi, wasu suka rubuta sunayensu, wasu suka ɓalli dutsen suka tafi da shi. Har sai da aka sa masu gadi. A wurare da yawa na Sahara, masu hoto sukan zuba ruwa bisa zane, ko su bi shi da alli, don ya fito ƙwarai. Hoton yana yin kyau, dutsen yana lalacewa. Wannan ba ciniki ba ne, hasara ce: ana iya wanke hoto ɗari, amma raƙumin Dabus ba shi da na canji.

Haka nan ga mutane. Mace tana jan guga a garkar Timiya, dattijo ya ja amawali yana salla bakin rijiya. Su ba duwatsu ba ne. Mai hankali yana yin sallama, ya gaisa, ya nemi izini. In an ce a'a, ya maida kamara cikin jaka. Wa zai so baƙo ya leƙo gidansu ya ɗauki uwarsa tana daka, bai ce uffan ba?

Akwai masu cewa gara a hana baƙi shiga baki ɗaya, tun da Abzin da Tenere suna cikin kayan gādon duniya na UNESCO tun 1991. Wannan shawara ba ta duba cikin mutane ba. Jagora, direba, mai raƙumi da maƙerin azurfa na Agadas duk sun ci abinci da baƙi. Da rashin kwanciyar hankali ya rage matafiya tun daga 2007, su suka fara jin jiki. Kuma jagoran nan shi ne ya san rijiya, ya san tauraro, ya san inda rairayi ke haɗiye mota. Sau da yawa hoto yana fita cikin littafi da sunan mai kamara, jagora kuwa ba a ambace shi ba. Ya kamata a rubuta sunayen su biyu.

Yanzu salula tana ɗaukar hoto. Ɗan lakwal na Tawa ko Damagaram, in wata rana ya bi kawunsa zuwa Ingal ko Iferwan, shi ma mai hoto ne. Zai tsaya nesa da zanen, ya jira rana ta yi ƙasa, don inuwa ta fito da layukan ba da ruwa ba. Sa'an nan ya buɗe littafinsa ya rubuta sunan wurin, da ranar, da sunan wanda ya nuna masa hanya.