Darasin tef ga masu acca da iburu

Burburwar da ke fitowa a gonakin bayan garin Katsina da damina 'yar uwar tef ce, hatsin da Habasha ke tinƙaho da shi. A ilimin tsirrai danginsu ɗaya. Mu mun bar wa dabbobi tamu, su kuwa sun mayar da tasu abinci tun shekaru dubbai. Ƙwayar tef ƙarama ce ƙwarai, guda 1,000 ba su kai rabin giram ba, amma shukar na jure fari. Da garinta ake yin injera, gurasar Habashawa.

Da aka gane tef ba ta da sinadarin gulutin da ke cutar da wasu masu cin alkama, wani kamfanin Holan ya samu rajistar mallakar hanyar sarrafa garinta a Turai a 2007. Sai a 2018 wata kotu a birnin Hague ta rushe mallakar a Holan, bisa hujjar cewa babu sabuwar ƙirƙira a ciki.

Mu ma muna da irin wannan dukiya: acca da iburu. Ba su da gulutin, kuma suna yi a ƙasa maras ƙarfi. Abin da ke rage noman su shi ne wahalar surfe, wadda ta rataya a wuyan mata.

A ganina, wajibi ne cibiyar binciken hatsi ta Badeggi, wadda acca ke cikin aikinta, da jami'o'inmu su tattara ire-irensu, su rubuta sunayensu da yadda ake sarrafa su, sannan a kai wa ƙauyuka injin surfe. Da irin wannan rubutu ake kare haƙƙin manomi ranar da baƙo ya ce shi ya ƙirƙiro.