Lissafin Shekarar 2024, Da Abin Da Ta Bar Mana

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ɗan filin nan da ka saba ba ni, domin yau ina so ni da masu karatu mu zauna mu yi lissafin shekarar 2024. Na san wani zai ce, ai ta riga ta wuce, me ya kawo tone-tone? To, manomi ba ya faɗin abin da damina ta ba shi ran da ruwa ya ɗauke, sai ya sussuke ya auna. Yanzu ƙura ta lafa, ana iya ganin tsaba daban, ƙaiƙayi daban.

Mu fara da alheri, don kada mu zama masu butulci. A watan Maris aka sace yaran makaranta a Kuriga ta Jihar Kaduna, kafin watan ya ƙare Allah ya dawo da yara 137 ga iyayensu. A watan Yuli Shugaban Ƙasa ya sa hannu a dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa 70,000. A watan Satumba matatar Ɗangote da ke Legas ta fara fitar da fetur, bayan shekaru masu yawa muna haƙo mai muna aika wa waɗansu su tace su sayar mana. Duk waɗannan abin godiya ne. Amma kowane akawu da malamin makaranta ya san yadda ƙarin nan ya ƙare. A 2024, a kasuwanni da yawa buhun shinkafa guda ya fi albashin gaba ɗaya. Litar fetur da ba ta kai Naira 200 ba kafin a janye tallafi a watan Mayun 2023, ta haura 1,000 a watan Oktoban 2024. Watau an ba mutum riga, amma kafin ya sa wuya ta yi masa kaɗan.

Tsadar nan kowa ya yi maganarta, har ta fitar da samari kan titi a farkon Agusta, saboda haka ba zan tsawaita ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hasarar da ta yi sallama tun daga nesa, amma ba a amsa mata ba.

Ku dubi Maiduguri. Daren 9 ga Satumba, wayewar 10, madatsar ruwan Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya shiga gari mutane suna barci. Ruwa ya ci Gwange, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu da babban asibitin koyarwa. Katangar gidan yari ta faɗi, fursunoni fiye da 270 suka tsere. Namun gidan kallo waɗansu suka mutu, waɗansu ruwa ya tafi da su cikin unguwanni. Dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu, galibinsu kuwa waɗanda ba su daɗe da farfaɗowa daga wahalar Boko Haram ba. Ruwan sama na Allah ne, babu mai ja. Amma madatsa aikin ɗan Adam ce, tana tsufa kamar yadda soro yake tsufa, in ba a yi mata yaɓe ba sai ta zuba. Wannan ruwa na Alau ya taɓa cin Maiduguri a 1994. Shekara talatin ke nan tsakani, lokacin da ya isa a haifi yaro ya yi karatu ya zama injiniya.

Ba a gama share hawayen Barno ba, ran 15 ga Oktoba da dare motar dakon mai ta kife a Majiya, cikin ƙasar Taura ta Jihar Jigawa. Jama'a suka fito da bokitai da jarkoki suna kwasa, wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka riga mu gidan gaskiya, yawancinsu samari majiya ƙarfi. Allah ya jiƙansu. Na ji masu cewa kwaɗayi ne ya kashe su, na ji masu cewa talauci ne. Ni a ganina duka biyu suna ciki, amma akwai na uku, watau rashin sani. Mutane da yawa suna tsammani sai an kai ashana bakin fetur yake kamawa. Ba su san tururinsa ya fi iska nauyi ba, yana bin ƙasa yana yaɗuwa, tartsatsi guda daga nesa ya isa. Wata uku kacal bayan Majiya, a Janairun 2025, irin wannan ya sake faruwa a mararrabar Dikko ta Jihar Neja, rayuka masu yawa suka salwanta. Ashe labarin Majiya ya kai kunne, bai kai zuci ba.

A cikin Oktoban nan kuma galibin Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu, saboda 'yan ta'adda sun lalata layin wutar da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da aka dogara da shi kuma ya sami matsala. Masu niƙa da masu walda da masu sayar da ƙanƙara su ne suka san abin da suka yi hasara.

To, ina muka dosa? A farkon 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da Naira biliyan 80 don sake gina Alau. Madalla. Sai dai ba Alau kaɗai ke gare mu ba. Tiga da Bakolori da Goronyo duk sun haura shekara arba'in, dattawan Kano kuma ba su manta da ɓallewar Bagauda a 1988 ba. Ya kamata wakilanmu na majalisa su riƙa tambaya, yaushe aka yi wa kowace duban ƙarshe, me aka gani, sa'an nan a faɗa wa mutanen da ke kwana a ƙarƙashinta.

Mu ma da muka san baƙi da fari muna da namu kason. Ya kai akawu, in takardar hakimi ko dagaci ta zo teburinka tana cewa gada ta tsage, kada ka bari ta yi wata uku ƙarƙashin fayil. Malamin makaranta, minti goma ya isa ka nuna wa yara abin da ya sa ake gudun motar mai in ta faɗi. Malamanmu kuma, Allah ya gafarta muku, maganarku a kan mumbari ta fi tamu shiga, ku tuna wa jama'a cewa ɗaure raƙumi ba ya ɓata tawakkali.

Kai kuma Edita, ga tawa buƙata gare ka. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka, hukumar duba yanayi takan fitar da hasashen damina, hukumar lura da koguna kuma takan jera jihohi da ƙananan hukumomin da ake jin tsoron ambaliya a cikinsu. Da Turanci ake fitar da mafi yawansu, a Abuja. Ina roƙo ka riƙa neman su kana juya mana da Hausa, gari-gari, tun cikin watan Afrilu, don a karanta a zauren mai unguwa tun ana da sauran lokacin yashe magudanan ruwa.

Haza wassalam.