RA'AYINMU: Rijiya Ta Ba Da Ruwa, Kada Guga Ya Hana

Kowace shekara, idan lokacin jarrabawar shiga jami'a ya zagayo, samari da 'yan matan ƙasar nan sukan yi dafifi a ƙofar Hukumar JAMB, kowa da burinsa. A shekarar 2024 waɗanda suka ba da sunayensu sun haura miliyan 1 da dubu 900. Waɗanda kan sami gurbi daga ƙarshe, ko da an haɗa jami'o'i da kwalejojin fasaha da na horon malamai, ba su kan kai rabin masu nema ba. Sauran sai su koma gida su jira baɗi, wasunsu kuwa su gaji da jira su kama wata hanya. Mu da muka sami shiga mun san yadda zauren lacca yake, inda mai zuwa a makare kan tsaya a bakin taga yana miƙa wuya don ya tsinci abin da malami ke faɗi. Bayan waɗannan kuma ga akawu a ƙaramar hukuma, ga malamin gona, ga matar aure mai goyo, dukkansu suna son ƙarin ilmi amma ba su da halin barin aiki ko gida har shekara huɗu.

Wannan ne ya sa batun ilmin buɗaɗɗiyar ƙofa ya zama namu, ko mun so ko mun ƙi. Abu biyu ake nufi da shi. Na farko, a buɗe wa mutum ƙofar karatun jami'a ba tare da an tilasta masa ya tare a harabarta ba, ya yi karatunsa daga inda yake, a lokacin da ya sami sarari. Na biyu, a buɗe littattafai da darussan kansu, yadda kowa zai iya ɗauka, ya karanta, ya kwafa, ya fassara, ba da biyan ko kwabo ba kuma ba da tsoron shari'a ba. Ra'ayin wannan mujalla shi ne, na'ura ita kaɗai ba ta taɓa buɗe ɗaya daga cikin ƙofofin nan biyu ba, kuma mabuɗin da ya fi kusa da mu yana hannun jami'o'inmu.

Kada wani ya zaci baƙon abu ne aka kawo mana daga ƙetare. Zauren malami a garuruwanmu bai taɓa tambayar takardar shaida ba; mai littafi ya zo da littafinsa, mai sauraro ya sami gefe ya zauna. Tun ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta lura cewa matan karkara ba za su iya barin ɗakunansu su tare a birni ba, sai ta horar da jajis, manyan mata masu kai darasi ƙauye-ƙauye ga 'Yan Taru. A zamanin Turawa kuma, Jami'ar London, wadda tun 1858 ta yarda mutum ya zauna jarrabawarta ba tare da ya zauna a ajinta ba, ta zama tsani ga 'yan Nijeriya da dama. Alvan Ikoku, wanda hotonsa ke kan takardar Naira 10, ta wannan hanya ya sami digirinsa. Iyayenmu ma'aikata da yawa sun ci jarrabawa da darussan da ake aiko musu ta gidan waya. Da aka ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta a 1976, aka rasa isassun malamai, sai aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna don ta horar da su suna bakin aikinsu.

Misalin da duniya ta fi sani shi ne na Ingila. A 1963 Harold Wilson ya kawo shawarar kafa jami'ar da za ta koyar ta rediyo da talabijin, minista Jennie Lee ta tsaya tsayin daka sai da abin ya tabbata a 1969, kuma a watan Janairu na 1971 ɗalibai kimanin 25,000 suka fara karatu, ba a tambayi kowa takardar kammala sakandare ba. Jama'a suka ɗauka talabijin ne asirin nasarar, amma ɗaliban sun san inda gizo ke saƙa. Kowane darasi ƙungiyar malamai ce ke zama ta rubuta shi a tsanake, a buga shi, a aika wa ɗalibi ta gidan waya, har da akwatin kayan gwaji ga mai karatun kimiyya. Kowane ɗalibi yana da malami mai duba aikinsa, ya gyara masa a rubuce, su kuma haɗu a cibiyar karatu da ke kusa. A ƙarshen 2006 aka daina watsa darussan ta talabijin ɗin BBC, jami'ar kuwa ta ci gaba da aikinta ta intanet. Wato na'ura ta sauya, amma rubutaccen darasi da malami mai dubawa suna nan inda suke.

Mu ma mun ɗauki wannan hanya da wuri, sai dai mun yi tuntuɓe. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa da doka a 1983, mulkin soja ya dakatar da ita a 1984, ba ta farfaɗo ba sai a 2002 zamanin Cif Olusegun Obasanjo. Shekara 18 ke nan ƙofa na rufe, kuma babu mai iya ƙidaya yawan ma'aikatan da suka yi ritaya da burin digiri a zuciya saboda wannan. Yau jami'ar, wadda aka fi sani da NOUN, tana da cibiyoyin karatu fiye da 100, har da na cikin gidajen yari, kuma ta ɗora littattafan darussanta a intanet, duk mai so ya sauke kyauta. Shi kansa Obasanjo a can ya sami digirinsa na uku a 2018. Duk da haka har yanzu akwai masu yi wa takardarta kallon hadarin kaji, alhali mai yini a ofis ya kwana da littafi ya cancanci a jinjina masa.

Ta fuskar littattafai kuwa, rijiya ta riga ta ba da ruwa. A 2001 jami'ar MIT ta Amurka ta ba da sanarwar za ta saki kayan darussanta ga duniya kyauta, kuma yanzu darussa fiye da 2,000 suna nan a buɗe. A 2019 ƙasashen da ke cikin Hukumar UNESCO suka amince da shawarar a ƙarfafa irin waɗannan kayan koyarwa da kowa ke da izinin kwafa da gyarawa. A 2012 an yi ta yayata manyan darussan intanet na Coursera da edX, ana cewa sun zo su maye gurbin jami'a. To, amma wani bincike da mujallar Science ta buga a 2019, kan darussan Harvard da MIT, ya nuna cewa a shekarar karatu ta 2017/2018 kimanin kashi 3 cikin 100 ne na masu shiga suka kai ƙarshe, kuma mafi yawan masu amfana daga ƙasashe masu arziki suke. Dalilin a fili yake. Wanda aka bar shi shi kaɗai da allon waya, ba mai tambayarsa, ba mai gyara masa, da wuya ya jure.

A wurinmu akwai ƙarin cikas a wajen guga. Shekarar 2020 ta tona mana asiri. Annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris, ga kuma yajin aikin ƙungiyar ASUU daga Maris zuwa Disamba. Wasu jami'o'i masu zaman kansu suka koma koyarwa ta intanet, ɗaliban jami'o'in gwamnati kuwa yawancinsu suka zauna a gida ba takarda ba darasi. A 2022 aka sake yin wata 8 a rufe. A watan Oktoba na 2024 jihohin Arewa da dama sun yi kwana da kwanaki ba wutar lantarki bayan an lalata manyan layukan da ke kawo ta, kuma a Janairun 2025 aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100. Ɗalibin da ke auna kuɗin data da kuɗin garin kwaki ba zai kalli laccar bidiyo ta awa guda ba. Wanda kuma Turancinsa bai nuna ba, laccar malamin Amurka ba za ta warware masa abin da ya shige masa duhu a ajin shekarar farko ba.

Nan ne muka zo kan abin da ke cikin gidanmu. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa a sassa da dama na jami'o'in ƙasar nan ana sayar wa ɗalibai takardun lacca, wato handawut, wani lokaci har ana rubuta sunan wanda ya saya. Kundayen digiri da aka kashe shekaru ana rubutawa kan noman rani, da cututtukan dabbobi, da tarihin masarautunmu, suna jibge a kan kanta ƙura na cinsu. Mun san hujjojin da ake kawowa, kuma ba mu raina su ba. An ce albashin malami bai isa ba, kuma gaskiya ne. Amma gyaran wannan yana wuyan gwamnati, bai kamata a ɗora shi kan ɗalibin da bai ci abincin rana ba. An ce idan aka saki kundaye za a yi ta satar su. Amma abin da ke ɓoye shi ya fi daɗin sata, domin na fili kowa zai iya gwadawa ya gane kwafi. An ce ɗalibai za su daina zuwa aji. Ajin da karanta wa ɗalibai takarda ne kaɗai aikinsa, shi ya kamata ya sake lale.

Saboda haka muna kira ga Majalisar Dattawan Jami'a da hukumomin da abin ya shafa da su duba waɗannan abubuwa huɗu. Na farko, kowane darasi a rubuta takardunsa a tsanake, sashe ya duba su, a biya malaman da suka rubuta daga kuɗin bincike irin na Asusun TETFund, a lissafa aikin wajen ƙarin girma, sa'an nan a sake su kyauta. Na biyu, a shirya su daidai da ƙarfin mai ƙaramar waya: rubutu da murya marasa nauyi, waɗanda za a sauke sau ɗaya a harabar jami'a a karanta a ƙauye. Na uku, kafin a sayi manyan alluna masu tsada a fara sa wa ɗakunan karatu wutar hasken rana, domin ba girin-girin ba, ta yi mai. Na huɗu, duk shirin karatu daga nesa a tanadar masa malamai masu duba aiki, a ƙayyade yawan ɗaliban kowane malami, kada ya zama hanyar tara kuɗin shiga kawai.

Mu ɗalibai ma akwai namu. Izinin da ke kan buɗaɗɗun littattafai ya haɗa da fassara, kuma a cikinmu akwai masu nazarin Hausa da masu nazarin kimiyya da ke kwana a ɗaki ɗaya. Me zai hana su haɗa kai su bayyana tushen lissafi da ilmin sinadarai da harshen da ƙannenmu ke tunani da shi, kamar yadda aka yi wa manya littattafai a Zariya lokacin Yaƙi da Jahilci cikin shekarun 1950? Ku kuma 'yan'uwanmu ma'aikata, kada ku zauna jiran hutun ƙaro ilmi wanda ba a san ranar zuwansa ba. Ku nemi cibiyar karatu mafi kusa, ku haɗu uku-uku ko huɗu-huɗu bayan tashi daga aiki, domin mai abokin karatu ya fi kai ƙarshe. Ƙungiyar Ɗalibai kuwa, wajibinta ne ta kai wannan magana gaban hukuma a rubuce, ta kuma dinga waiwayarta har a ga takardun darasi na farko sun fito.