Alamar da ido ba ya gani, amma take rikita manhaja

Mai danna maɓallin Enter yana ɗauka ya sauko layi ne kawai. Alhali wata alama ce ya dasa a cikin fayil, kuma har yau kwamfutoci ba su yi ittifaƙi a kanta ba.

Windows na ajiye alamomi biyu a ƙarshen kowane layi: CR mai lamba 13 da LF mai lamba 10 a tsarin ASCII. Linux da Android LF kaɗai suke sakawa. Kwamfutocin Apple kuwa CR suka riƙe, sai da Mac OS X ya zo a 2001 suka koma LF. Gado ne daga injinan buga saƙon waya na da: CR ya mayar da kan bugawa farkon layi, LF ya tura takarda sama. Injinan sun tafi, al'adar ta zauna.

Illar ba ƙarama ba ce. A ce an shirya jerin lambobin ma'aikata a Windows, aka tura wa manhajar da ke kan Linux, ita kuma LF kawai take dubawa. Kowace lamba za ta shigo da CR manne a wutsiyarta. A allo daidai take, amma manhajar za ta ce ba ta san mai wannan lambar ba. Sai a wuni ana zargin wanda ya shigar da bayanai, bawan Allah bai yi komai ba.

Nauyin yana wuyan mai rubuta manhaja. Ba aikin sakatare ba ne ya san CR. Manhajar da ke karɓar fayil daga hannun jama'a dole ta gane salon ukun duka, kuma hakan ba wahala: Python, idan aka buɗe fayil a matsayin rubutu, da kansa yake mayar da su salo ɗaya. Git ma yana da saitin da ke daidaita su tsakanin masu aiki tare. Ko Microsoft, duk da jan ƙafa, ya gyara Notepad a 2018 ya fara nuna fayilolin Linux yadda ya kamata.

Sai dai gyaran na rubutu ne zalla. Wanda ya bi hoto ko sauti yana sauya lamba 13 da 10 ya lalata fayil ɗin, domin a can ba ƙarshen layi suke nufi ba.