Ajiyar banki marar haraji: yawan kuɗin ruwa ba shi ne yawan riba ba

A watan Nuwamban 2025, ministar kuɗin Birtaniya ta lokacin, Rachel Reeves, ta bayyana cewa daga Afrilun 2027 duk wanda bai kai shekara 65 ba, ba zai zuba fiye da fam 12,000 a shekara a asusun tsabar kuɗi marar haraji ba, maimakon fam 20,000 da aka saba tun 2017. Wannan asusu, da ake kira ISA, an ɓullo da shi a 1999, kuma duk abin da ya haifa na mai shi ne, gwamnati ba ta taɓawa. Manufar ragewar ita ce mutane su karkata zuwa sayen hannun jari.

Mai karatu zai ce, ina ruwan ɗan kasuwar Konni ko Jibiya da wannan? Da farko, mazaunin Birtaniya kaɗai ke iya zuba kuɗi a ciki, don haka maganar ta shafi 'ya'yanmu da ƙannenmu da ke aiki a can, waɗanda wasunsu ke tara jarin da za a juya a gida. Na biyu, lissafin da ake yi wajen zaɓen asusun, shi ne lissafin duk mai ajiya a ko'ina.

Bankunan Birtaniya ba kuɗin ruwa ɗaya suke bayarwa ba, kowanne da nasa, amma dukkansu suna bin sahun Babban Bankin Ingila. A 2020 ya saukar da nasa zuwa kashi 0.1 cikin ɗari, ya haura da shi har 5.25 a Agustan 2023, sannan ya dawo 3.75 a Disamban 2025. Wanda ya ɗaure kuɗinsa na shekara ɗaya ko biyu yana da tabbacin abin da zai samu, amma in ya cire kafin wa'adi za a ci shi tara. Wanda ya zaɓi asusun da ake cirewa kowane lokaci kuwa, banki na iya rage masa duk ranar da ya ga dama. Akwai kuma romon baka: ƙarin da ake ba sabon shiga na wasu watanni, in sun cika a janye shiru.

Kalmar "babu haraji" ita ma tana ruɗin mutane. Tun 2016, mai biyan ƙaramin haraji ba ya biyan komai a kan fam 1,000 na farko na kuɗin ruwan da ya samu a asusu na gama-gari, mai biyan kashi 40 kuma an yafe masa fam 500. Mu ɗauki misali: asusu na gama-gari na ba da kashi 4.5, ISA na ba da kashi 4. Mai ƙaramin albashi da ya ajiye fam 10,000 zai sami 450 a na farko ba tare da an cire ko kwabo ba, 400 a na biyu. Ka ga ISA ba ta yi masa rana ba. Amma mai babban albashi da ya ajiye 20,000 zai sami 900, a cire masa 160, ya tashi da 740, alhali ISA za ta ba shi 800 cif. Asusu iri ɗaya, wani ya ci riba, wani ya faɗi.

Mai son sauya banki kuma kada ya cire kuɗin da hannunsa. Sabon bankin ne zai nemi a mayar masa da su, in ba haka ba kariyar harajin na iya salwanta. Idan banki ya durƙushe, doka ta lamunce wa mutum har fam 120,000 tun Disamban 2025. Masu gudun riba kuwa, akwai bankuna masu bin tsarin Musulunci, irin su Gatehouse, da ke juya kuɗin a harkar halal su ba da kason ribar da ake sa ran samu.

A Faransa lamarin ya sha bamban. Asusun Livret A, wanda ya samo asali tun 1818, gwamnati ce ke yanke kuɗin ruwansa, kuma ɗaya ne a kowane banki, saboda haka babu yawon neman mai tsoka. Iyakar ajiya yuro 22,950 ne, kimanin sefa miliyan 15. Ya sauko daga kashi 3 zuwa 2.4 a Fabrairun 2025, sannan 1.7 a Agustan shekarar.

Babban mai cin ajiya dai ba haraji ba ne, tsadar kaya ce. A Oktoban 2022 hauhawar farashi a Birtaniya ta kai kashi 11.1, babu ISA ta tsabar kuɗi da ta kamo ƙafarta. 'Yan kasuwar iyaka sun fi kowa sanin wannan. Bayan da Najeriya ta saki naira a Yunin 2023, dalar da ake saya kusan naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a 2024, tsadar kaya kuma ta wuce kashi 34 a ƙarshen shekarar. Wanda ya ajiye naira a banki ya ga lambobinsa sun ƙaru, amma buhunan da za su saya masa a Maraɗi sun ragu, domin sefa na ɗaure da yuro a kan 655.957.

Saboda haka, ko a Landan ne ko a Damagaram, kafin a miƙa kuɗi a yi tambaya huɗu: nawa zai rage bayan haraji da kuɗin hidima? Adadin da aka faɗa na dindindin ne ko na jan ra'ayi? Nawa ne tarar cirewa idan kaka ta yi, hatsi ya yi araha, ana neman jari da gaggawa? Kuɗin da ake ajiyar da shi yana riƙe darajarsa kuwa? Ma'aikacin banki da ya kasa amsa waɗannan a rubuce, a nemi wani.