Haƙƙin Ruwan Hamada a Kan Baƙo

Mutanen unguwar Kalakla, da yake Allah ya zaunar da mu a gefen Farin Nilu, ba mu cika sanin darajar ruwa yadda mutumin hamada ya san ta ba, domin wanda ya buɗe ido ya tarar da kogi a bayan gidansu da wuya ya gane cewa akwai ƙasar da ake kwanaki bisa raƙumi kafin a sami abin jiƙa maƙogwaro. Kafin fitinar da ta ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, samarinmu sukan haɗa kuɗi ranar Juma'a su yi rihla, watau yawon shaƙatawa, zuwa madatsar Jabal Auliya, wadda aka kammala a 1937, su ci soyayyen kifi, su sha gahawar jabana, su komo da magariba. Masu hali kuwa sun fara zarce nan, suna ɗaure tanti da jarkoki a bayan Land Cruiser, suna nausawa cikin sahara don su kwana a bakin ruwan da ba kowa ke kaiwa gare shi ba. Idan Allah ya kawo zaman lafiya wannan sha'awa za ta dawo, kuma ina ganin gara a yi maganar ladubbanta tun ba a tayar da mota ba.

Mu ɗauki Maliha misali, tafkin nan da ke duwatsun Midob a arewacin Darfur, tafiyar kimanin kilomita 200 daga Fashir. Wani makeken rami ne da aman wuta ya bari, wanda in mutum ya tsaya a bakinsa ya leƙa zai hangi ruwa can ƙasa, baƙi ƙirin saboda gishiri da kanwa, alhali kuwa a gefensa akwai idanun ruwa masu daɗin sha, waɗanda Midobawa suke gangarowa gare su da raƙuma da tumaki da awaki ta 'yan hanyoyi masu tsananin gangara, kowane garke da lokacinsa, kowace zuriya ta san gurbinta. Baƙo yana ganin wuri shiru sai ya zaci ba mai shi, alhali ruwan hamada bai taɓa rasa masu shi ba. Da rana na makiyaya ne. In dare ya yi ya zama na dila da yanyawa da sauran naman dawa, waɗanda suke yini a ɓoye saboda zafi da tsoron ɗan Adam, suna jiran ƙafa ta ɗauke. Wanda ya kafa tanti a bakin ruwa, ya hura wuta, ya kunna janareta da kiɗa har asuba, haƙiƙa ya tsare wa waɗannan bayin Allah hanya, ko da bai ɗaga wa ɗayansu hannu ba.

Malamanmu na fiƙihu sun riga kowa tsara wannan al'amari, domin sun yi bayanin harimin rijiya, watau filin da ke kewaye da ita wanda ba a yarda wani ya mamaye shi har ya cutar da masu sha ba, sun kuma tabbatar da haƙƙin mai ƙishirwa da dabbarsa a kan ruwan da ya yi saura. Sayyidina Umar kuwa ya keɓe makiyayar Rabaza ya mai da ita hima, watau wurin kiwo da hukuma ta tsare. Kakanninmu da suka ratso ta Fashir da Ubayyid a ƙafa suna nufin Makka, suna shan ruwan da mutanen Kurdufan ke adanawa a kogon kuka, da wannan ladabi suka tsira da rayukansu, kuma bai kamata jikokinsu su manta da shi don sun sami mota ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bindiga. Mariri, mai dogayen ƙahoni lanƙwasassu, wanda a da garkunansa ke kiwo daga Darfur har ƙasar Nijar, farauta da mota da fari suka ƙarar da shi, har aka ayyana a shekarar 2000 cewa babu sauransa a daji, sai a 2016 aka soma mai da shi Chadi daga waɗanda aka kiwata a Abu Dabi. Barewa da tuje da ragon dutse suna kan wannan tafarki, ga shi yaƙi ya cika ƙasa da makamai.

Ba hana tafiya nake yi ba, domin kallon halittar Ubangiji da idon tafakkuri ibada ne, kuma matasan birni suna bukatar sanin ƙasarsu. Amma duk ayarin da zai tashi daga Kalakla ya fara sauka wurin shehun ƙabila ya nemi izini, ya ɗauki ɗan jagora daga cikin mutanen wurin ya biya shi ladansa cikakke, ya kafa zango nesa da ruwa yadda haske da ƙara ba za su kai can ba, ya tafi da gawayinsa don kada ya sare 'yar ƙayar da ta yi shekaru tana tsiro, ya kwaso ledarsa da gwangwaninsa, ya kuma bar bindiga a gida.