Shawara Ga Masu Motar Kaya Kan Zaɓen Jak

Jama'a, batunmu na wannan mako jak ne, watau ƙarfen ɗaga mota. Motar kaya irin ta dillancin hajja, in an yi mata lodi, takan kai kilo 3,500. Jak mai kama da almakashi da ke zuwa da ƙananan motoci bai cika wuce tan ɗaya da rabi ba, don haka ba sa'anta ba ne.

Ko da yake gefe guda ake ɗagawa, ƙa'idar makanikai ita ce jak ya iya ɗaukar kashi uku cikin huɗu na nauyin motar. Ashe ke nan sai mai tan 3. Mai siffar kwalba, wanda mai ke turawa, ya fi ƙarfi, amma a auna tsayinsa, gama in taya ta sace mota takan dusa, ya ƙi shiga ƙarƙashi.

A kafa shi bisa ƙasa mai tauri ko katako, a ja birki, a tokare tayoyi. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota sai an tallafe ta da matokaran ƙarfe, domin jak yakan saki. Rigakafi ya fi magani.